Furar Iya Kulu da Jirgin Landan

Salamu alaikum, 'ya'yana da jikokina na cikin waya. Kafin in zauna bari in fara share wuri. Wata ta aiko mani saƙo tun da hantsi: "Hajiya Dije, don Allah ki daina ja mana rai, an ba shi ke ko ba a ba shi ba?" To ke 'yar nan, sauri ya haifi nawa. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, bokona kuma a aji uku ya tsaya. Wani kuma ya rubuto wai tsohuwa kamata me ta sani a soyayya. Ɗan nan, tun ba a yi wa mahaifiyarka kitson fari ba na sha zumar da kake lasar murfinta. Ku natsu. Yau laifina zan tona da kaina, kuma wanda ya yi dariya ban yafe ba, sai in ni na fara.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, alif ɗari tara da saba'in da tara, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu, kowane zaure gardama ake. Ni kuwa ko a jikina. Shekarata ashirin da ɗaya, ina ɗinki da keke a gidanmu na Ƙofar Kwaya, kuma jam'iyyata ɗaya ce: Almu.

Almu ɗan unguwarmu ne da ya yi karatu har aka ɗauke shi aikin rediyo a Landan, sashen Hausa. Kullum da yamma Babana, Malam Gwadabe, zai jingina rediyonshi da gindin itacen bedi, muryar Almu ta cika tsakar gida. Ni kuma sai in ƙirƙiri tsintar shinkafa kusa da wurin. Shinkafar nan ta sha tsinta! Da yake karatun wasiƙa yana ba ni wuya, kaset yake aiko mani ta hannun matafiya. In shige ƙuryar ɗaki, in rage murya, in ji yana cewa, "Dije, nan sanyi ake kamar ana yankan kunne, amma in na tuna ki sai in cire kwat." Wayyo ni! Sai in kifa fuska a matashi ina harba ƙafafu kamar jinjira. Ku da kuke aika wa juna hoton zuciya ja, kun taɓa jin kaset har ya tsinke kun liƙe shi da jan farce?

A ƙarshen damina ya zo gida don ɗauko labarin miƙa mulki, manyanshi suka zo neman aurena. Baba ya ce shi bai ƙi ba, amma ba shi ke da ni ba. Mahaifiyata ta rasu ina goye, kakata Iya Kulu ce ta raine ni, kuma a gidan nan in Iya Kulu ba ta ce "to" ba, ko kaza ba ta yin ƙwai.

Iya mai fura ce, shekara hamsin tana yi, har daga Batagarawa ake aikowa saye. Kuma tana da doka guda da kowa ya sani: ba a kai ɗiyar gidanta garin da furar safe ba za ta isa ba sai ta yi tsami. Dokar tana da tushe. Ɗiyarta ta fari, Baraka, wani falke ya aure ta ya tafi da ita can ƙasar Gwanja. Ta rasu wurin haihuwa, labari bai iso Katsina ba sai bayan wata huɗu. Wata huɗu Iya tana tara mata kayan jego, tana dakan yaji da kanwa, alhali ciyawa ta fito kan kabari. Tun daga nan duk ɗiyan gidanmu a kusa aka aurar da su: Rimi, Jibiya, cikin gari. Ni ma dangi sun dame ni da maganar Tanko, ɗan ƙanen Iya da ke noma a Batagarawa. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarshi ba. Amma in ya zo zance, daga "ya gida" sai labarin zazzaɓin shanu.

Ranar da Almu ya zo gaida Iya, na sa atamfata mai ruwan ganye, na kafa ɗaurin ɗankwali, na zizara kwalli har ya kusa kunne, sannan na laɓe bayan asabari. Ya shigo da sallama cikin farar shadda da hula zanna, ga agogo na walƙiya, ga ƙamshin turaren da ban taɓa ji ba a kasuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin turmi, ya durƙusa.

"Iya, ina wuni? Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? Ya sana'a?"

"Lahiya lau, angona. Ashe kana gari? Ni da nake jin ka cikin akwati na zaci can suka rufe ka."

"Ai sukan buɗe ni in sha iska, Iya."

"To madalla. Zamna. Garin naku, nisanshi nawa?"

Ya gyara zama, ya ciro wata taswira daga aljihu ya shimfiɗa kan tabarma. Ni dai ina hango yatsanshi, ina cewa a raina, dubi farce kamar na ɗan sarki.

"Daga Kano zuwa Landan mil dubu biyu ne da wajen ɗari takwas, Iya."

"Ban san mil ba. Auna mani da Kano."

Ya ɗaga kai yana motsa baki. "Kamar mutum ya je Kano daga nan sau ashirin da bakwai."

Iya ta shiga lanƙwasa yatsu. "Kano kwana biyar ce da jaki, na taka ta ina budurwa. Biyar sau ashirin da bakwai." Ta gama lissafinta tsaf. "Wata huɗu da rabi. Ka hi Gwanja nisa, ɗan nan. Tashi ka tahi, Allah ya haɗa kowa da rabonshi."

Na zabura. Asabarin da na riƙe har ya motsa.

"Iya, ai ba da jaki ake zuwa ba," in ji shi da sauri. "Jirgi awa shida yake yi. In ya tashi Kano da hantsi, ana la'asar ya sauka. Wallahi kafin mai jaki ya kai Batagarawa ya dawo ya huta."

"Jirgi!" Ta yi tsaki. "Ni da na je Makka ta ƙasa shekara uku, kar ka gaya mani jirgi. Bara maƙwabcinmu ya ce awa biyar zai kai shi Jidda. Kwananshi tara a sansanin alhazai yana jiran awa biyar ɗin, har guzurinshi ya ƙare aka aika mashi wani. Tsuntsu na da sauri, amma sai ya ga dama yake tashi."

Baba da ke gefe ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Namu ba ya haka, Iya. Jibi Alhamis zan koma. In Allah ya yarda, da na yi asuba a Katsina, zan yi magana a rediyo daga Landan da bakwai da rabi na yamma. A ranar."

Iya ta dube shi tun daga hula har yatsun ƙafa.

"A ranar?"

"A ranar, Iya."

"To gani ya kori ji. Alhamis da asuba ka biyo nan. Zan kirɓa hura, in raba biyu, rabi ya bi ka, rabi ya jira ka cikin ragayata. In na ji muryarka hurata ba ta juya ba, na ba ka Dije. In ta riga ka, ka nemi ɗiyar Turawa."

"Na yarda."

"Ban gama ba. Na san halinku, kuna ɗaukar magana a kaset ku aje. Kar ka zamna Kano kana shan shayi a sako mani muryarka ta jiya. Zan raɗa maka magana a kunne kana shiga mota, ba wanda zai ji. Ita nake so in ji ta fito daga akwatin nan."

Kun ji tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kwana biyun nan ban san me na ɗinka ba. Wata mata ta kawo rigar ɗanta, na haɗa mata hannu da wuya. Ina taka keke ina lissafi: asuba zuwa Kano awa uku, jiran jirgi awa biyu, sama awa shida, daga filin jirgi zuwa wurin aikinshi ya ce kusan awa biyu. In haɗa in samu sha uku, in sake haɗawa in samu sha huɗu. Ga zafin ƙarshen damina, irin wanda tuwon dare ke kwana ya tashi da yauƙi. Na tambayi Iya cikin dabara, ina taya ta surfe, wai fura awa nawa take yi kafin ta yi tsami.

"Hura ba ta da agogo," in ji ta. "Ranar da ta so ta kai dare, ranar da ta so la'asar ta gagare ta. Mi ya dame ki?"

"Ba komai, Iya."

"Labarin zuciya a tambayi huska."

Ranar Alhamis tun kiran farko ta tashe ni. Ita ta daka geron da citta da kanumfari da masoro, ita ta cura, ta dafa, ta kirɓa, ba ta bari na taɓa taɓarya ba. Ta mulmula dawo manya manya kamar dunƙulen hannu, ta birkiɗa su cikin gari. Uku ta ƙulle a ganye ta miƙa wa Almu, uku ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta rataye a ragayar ɗakinta.

Mota na jira a ƙofar gida. Yau ba shadda, kwat ya sa da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ga jaka a kafaɗa. Na ce a raina, Dije, wannan duk naki ne in gero ya yi mutunci. Iya ta jawo kunnenshi kamar za ta yi mashi huɗuba, ta raɗa mashi abin da ta raɗa. Sai na ga fuskarshi ta sauya.

"Iya, ga wanda zai hau jirgi?"

"Ita na zaɓa. Allah ya kiyaye hanya."

Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya ɗaga gira. Na ja mayafi na rufe baki don kar a ga haƙorana. Mota ta tashi.

To, ga inda Shaiɗan ya shigo, kuma ba zan ɗora mashi duka ba, da ƙafata na tarye shi.

Da hantsi Iya ta tafi barka bayan layinmu. Rana ta buɗe kamar an hura maƙera. Na shiga ɗakinta na tsaya ƙarƙashin ragaya ina shinshina, sai nake jin kamar har ta fara. Nan na tuna Gwaggo Rabi, ƙanwar Babana, wadda mijinta ma'aikaci ne suke zaune a GRA. Gidanta akwai firji. Sau biyu na taɓa shan ruwanshi, kuma na ji tana fariya cewa nama yakan yi sati a ciki bai san an yanka shi ba. Dama akwai ɗinkinta a hannuna na bikin sabuwar gwamnati. Na sauko da ƙwarya, na kwashe dawon uku, na naɗe su cikin ɗinkin, na maida faifai yadda yake, na rataye ƙwarya wayam. Na ce wa Baba zan kai wa Gwaggo kayanta. Na tari tasi.

Na tarar da Gwaggo kan kujera mai laushi, fanka na kaɗa ta, tana yanke farce.

"Gwaggo, ina kwana? Ya gida? Ya Alhaji?"

"Lafiya lau, amaryar Landan. Me kike haki kamar an biyo ki?"

Na warware ɗinkin. Ta ga dawo, ta dube ni, ta dafe ƙirji.

"Dije! Na ragayar Iya ne? La ilaha illallahu! Kina so a tsine mana mu biyu?"

"Gwaggo, ki rufa mani asiri. Zuwa la'asar kawai. Kin fi kowa sanin Tanko."

Sai ta fashe da dariya har da buga cinya. "Zazzaɓin shanu! Kawo nan."

Ta buɗe firjin za ta sa a ƙasa wurin ruwa. Ni uwar iya, na ce a'a, ina ne ya fi sanyi? Ta nuna wani ɗan ɗaki can sama mai farin gemu, inda take ajiye kaji.

"Nan za a sa."

"Dije, nan fa ƙanƙara yake yi."

"Ai gara haka, Gwaggo. In kaɗan na da kyau, da yawa ya fi."

Ku rubuta wannan ku ajiye: garin neman gira ake rasa ido.

Wunin nan a GRA na yi shi ina kallon agogon bango. Sha ɗaya ta buga, na ce yanzu ya tashi. Azahar, Gwaggo ta ce yanzu yana saman hamada. Na fita tsakar gida na ɗaga kai ina leƙen sama, kamar zan hango wandon nan mai faɗi. Na gwada takalmin Gwaggo mai tsini, wai ina koyon tafiyar Landan, na turguɗe na kama labule, labule ya biyo ni har da sandarshi. Muka yi ta dariya har hawaye. Ta koya mani cin abinci da cokali mai yatsu, shinkafa ta watse kamar ana shuka. Dariya ta ɗauke mu, ba mu farga ba sai da rana ta yi ja.

Da Gwaggo ta ciro dawon, ɗaya ya suɓuce ya faɗi kan siminti. Ƙwas! Ko tsagewa bai yi ba, sai ya gangara ƙarƙashin tebur kamar dutsen guga.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Abin da kika ce a yi."

Na ƙwanƙwasa biyu da juna, suka yi ƙara. Na shinshina, ƙarnin kaza. Innalillahi! Muka faɗa tasi mu biyu, don ta ce ba za ta bari in mutu ni kaɗai ba. Na cusa dawon cikin hammata, biyu dama ɗaya hagu, na lulluɓe da mayafi don su narke. Sanyi ya ratsa ni har haƙora. Direba yana ta leƙena ta madubi.

"Hajiya, ɗiyar nan masassara take? In biya asibiti?"

"Tuƙa, Malam," in ji Gwaggo. "Ciwon aure ne."

Muka iso ana kiran magariba. Iya na bayan gida tana alwala. Na shige ɗakinta na zuba su a ƙwarya. Garin jikinsu ya zama kunu, sai naso suke, rigata ta jiƙe shakaf ta gefe biyu. Na debo gari na barbaɗa, na rufe, na rataye, na fito ina salati kamar mutuniyar kirki.

Bayan an idar da salla Baba ya shimfiɗa tabarma gindin bedi, ya sa sababbin batura, ya ja eriya. Matan maƙwabta sun ji labari, suka shigo da 'yan kujerunsu, wai sun zo gaida Iya. Bakwai da kwata Iya ta ce in sauko da ƙwarya. Na kawo na aje gabanta. Ta ɗaga faifai, ta kai hannu, ta janye da sauri. Ta sake kaiwa, ta danna ɗaya da babban yatsa. Waje ya lotsa, ciki ya ƙi. Ta kai hanci.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. "Gwadabe, zo ka ga abin mamaki. Duk Katsina ana zuhwa, hunturu ya sauka cikin ragayata. Har da kaza ya zo."

Ta juya kan Gwaggo.

"Rabi, mi ya kawo ki da magariba?"

"Na zo gaishe ki ne, Iya."

"Kin gaishe ni da kyau." Sannan ta dube ni. "Ke kuma, hammatarki ruwa take tsattsahowa?"

Matan nan suka kwashe da dariya, wata har ta faɗo daga kujera. Baba kuwa bai yi dariya ba.

"Dije, ke kika yi wannan? Mutumin nan yana can yana cika alkawari, ke kina nan kina ha'inci? Ai shi ke nan, kin ɓata da hannunki."

Na durƙushe. Kukan da ya zo mani ba na kunya kaɗai ba ne. Na ga Almu ya keta mil dubu biyu da ɗari takwas a banza, na ga kaina a Batagarawa ina jin labarin shanu har in tsufa.

"Iya, ki yafe mani. Tsoro na ji."

"Tashi, kar ki jiƙa mani tabarma, kin jiƙa riga ya isa." Ta kai hannu bakin zanenta ta fara kwance wani ƙulli. "Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Ni na raine ki, na san abin da za ki aikata tun ba ki san shi ba. Bakwai na mulmula."

Ta fito da dawo ɗaya cikin ganye. Tun asuba yana ɗaure a ƙugunta. Da shi ta je barka, da shi ta zauna cikin rana da taron mata, da shi ta yi girki bakin murhu. Na dube shi, na fid da rai. Ko na ragaya da ke inuwa ina tsoro, balle wanda ya wuni jikin mutum.

Ta ɗora shi kan faifai a gabanta. "Kunna, Gwadabe."

Rediyo ya yi ta shuuu, Baba yana murɗawa, sai ga kiɗan buɗe shiri. Murya ta yi sallama. Ba ta Almu ba ce, wani ne mai kaurin murya. Ya shiga labarin sabuwar gwamnati, da majalisa, da waɗanda ake sa ran naɗawa. Baba da kullum yake cewa a yi shiru in ana wannan, yau shi ne ke tsaki. Minti biyar. Minti goma. Aka koma labarin wata ƙasa da ban san ta ba. Gwaggo ta kama hannuna tana matsawa har zobenta ya shige mani nama.

"Tsuntsu bai ga dama ba," in ji Iya, ta jawo faifai.

Mai kaurin murya ya ce saura 'yan mintoci, za a karanta gaishe-gaishen masu saurare. Sai aka ji kamar an turo ƙofa, takardu suka yi motsi, ya yi 'yar dariya.

"To jama'a, ga abokin aikinmu nan ya faɗo mana daga filin jirgi, ko jakarshi bai aje ba. Malam Almu, numfasa tukuna."

Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Baba ya ce, "Ke!" amma shi ma ya miƙe tsaye da carbi a hannu.

"Assalamu alaikum," in ji Almu, yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki. "Gaisuwar farko ta Hajiya Kulu ce, mai fura a Ƙofar Kwaya cikin birnin Katsina, wadda na yi sallama da ita yau da asuba. Guzuri ya iso lafiya. Ta kuma ba ni saƙo in faɗa, na riƙe shi awa shida a sama ina addu'a. Ta ce, komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo."

Gidan ya ɗauki guɗa. Gwaggo ta cire ɗankwali tana juyi, matan maƙwabta suna tafi, Baba yana ta "Allahu Akbar, yau da asuba fa, a gabana!" Ni kuwa idona na kan Iya, don magana ba ta ƙare ba.

Ba ta yi guɗa ba. Ta zauna tana kallon rediyon nan kamar yau ta fara ganinshi. Can ta ɗauki dawon, ta ɓare shi biyu, ta gutsura, ta tauna a hankali. Ta haɗiye.

"Garɗi," in ji ta. "Kamar yanzu aka kirɓa."

Ta miƙo mani ɗaya ɓarin. Na kai baki.

'Ya'yana, tsamiya albarka. Tsamin nan sai da ya kama mani muƙamuƙi, idona ya rufe da kanshi. Na buɗe na ga Iya ta kafe ni da ido.

"Da tsami?"

Duk gidan ni ake kallo. Kalma ɗaya ce tsakanina da Landan, kuma ita da kanta ta shimfiɗa mani hanya. Amma na riga na yi mata ƙarya sau ɗaya a ranar, ga shaidarta nan tana ɗiga a ƙwarya. Na ji ba zan iya ta biyu ba, ko da Tanko ne ƙarshenta.

"Da tsami, Iya," na ce, hawaye na zuba. "Ta juya."

Gwaggo ta ce, "Wayyo, wannan ɗiya!"

Iya ta karɓe ɓarin daga hannuna ta cinye shi tas, ko yamutsa fuska ba ta yi ba.

"Shekara hamsin ina hura, ke za ki koya mani tsami? Bakin da ya wuni yana cin shinkahwa da ƙarhe? Ni mai hura na ce ba ta juya ba." Ta goge hannu a zane, muryarta ta yi ƙasa. "Baraka wata huɗu ina jiran labarinta. Wannan ya tahi da asuba, na ji numhwashinshi ban yi lisha ba. Gwadabe, ka aika wa mutanenshi. Na ba shi."

Ban san lokacin da na faɗa jikinta ba. Ta ture ni, wai zan karya ta, kuma ina warin kaza. Amma hannunta ɗaya yana bayana bai sake ni ba.

Ana cikin guɗa ta ɗaga murya.

"Ban gama ba. Gobe da hantsi ka kai ni wurin mai hoto, a yi mani irin takardar nan ta shiga jirgi."

Carbin Baba ya faɗi kan tabarma. "Iya, wa zai shiga jirgi?"

"Wa ka ga ya raini Dije? Baraka ita kaɗai na sallama, ban san ɗakin da aka kai ta ba. Wannan sai na ga ɗakin da idona, na ga inda za a kahwa turmi. In dai jihwa ne, da ni za a jehwa."

Gwaggo Rabi ta zauna daɓas a ƙasa, ɗankwali a hannu.

"Iya, turmi? A jirgi?"

"Da taɓarya," in ji Iya.